Dagi Huɗu a Cikin Kwali: Rigimar Abincin Linkis a Tsaunukan Suwizalan

A shekarar 2000 wani ƙunshi ya isa ofishin kula da harkokin farauta na jihar Bern a ƙasar Suwizalan, babu sunan mai aikowa a jikinsa. Da aka buɗe, sai ga dagi huɗu da aka datse daga ƙafafun linkis, dabbar da dokar ƙasar ta haramta kashewa tun 1962. Saƙon bai buƙaci tafinta ba: an kashe, za a sake kashewa, kuma hukuma ta yi abin da za ta iya. Shekaru goma sha biyar bayan haka aka maimaita irin wannan wasan a kudancin Jamus, inda aka tsinci ƙafafun gaba guda huɗu na linkis biyu an yar da su kusa da garin Lam a dajin Bavariya, daura da gidan wasu masu aikin kare dabbar. Mutum ba ya ɗaukar wuƙa ya yi wannan aika-aika don kawai an ci masa tunkiya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin wannan ruwa yana cikin abin da linkis ke ci da dare.

Linkis kyanwar daji ce, mafi girma a nahiyar Turai. Babba yakan kai nauyin kilo 17 zuwa 26, wato kamar matsakaicin kare, yana da dogayen ƙafafu, da guntun wutsiya mai baƙin baki, da tukun gashi a saman kowane kunne. Daginsa faffaɗa ne, yana hana shi nutsewa cikin dusar ƙanƙara. Ba ya yawo cikin garke, ba ya haushi ko kururuwa irin ta kyarkeci, kuma mutum na iya shekara talatin yana zaune a gindin dutsen da linkis ke farauta bai taɓa ganinsa da ido ba. Babu labarin lafiyayyen linkis na daji da ya kashe ɗan Adam a waɗannan ƙasashe. Tuhumar da ake yi masa guda biyu ce: yana cin tumakin makiyaya, kuma yana ƙarar da barewar daji. An shafe fiye da shekaru arba'in ana bin sawunsa ana ƙirga abin da ya kashe, ta yadda da wuya a sami wata dabbar farauta a Turai da aka san akushinta kamar yadda aka san nasa. Lissafin ya wanke shi daga galibin tuhuma ta farko. Ta biyun kuwa, da aka tone ta, sai ta zama gardama a kan mallaka, wadda aka yi wa rigar kimiyya.

Yadda linkis ya ɓace daga Suwizalan tun farko darasi ne a kan abincinsa. A ƙarni na 19 an sare dazuzzukan tsaunuka don itacen wuta da katako da makiyaya, an kuma harbe dabbobin dawa har sai da ƙaramar barewar kurmi da babbar jar barewa suka kusa ƙarewa, bunsurun dutse mai manyan ƙahoni kuwa ya ƙare ƙurmus. Da linkis ya rasa abin kamawa a daji sai ya koma kan tumaki da awakin da ake sakewa cikin kurmi, aka sa masa lada a ka, aka bi shi da tarko da guba da bindiga. Ganin ƙarshe da aka yi masa a ƙasar ya faru ne a 1904 a mashigin dutsen Simplon. Mutanen da suka kwashe masa abinci su ne suka hukunta shi da laifin yunwa. Dokar farauta ta tarayya ta 1875 da dokar gandun daji ta 1876 suka soma gyara ɓarnar, dazuzzuka suka farfaɗo, barewa ta dawo ta yi yawa fiye da yadda kakannin kowa suka sani, amma babu mai cin ta sai mai bindiga.

A 1967 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a dawo da linkis, kuma ranar 23 ga Afrilun 1971 aka saki namiji da mace na farko a kwarin Melchtal na jihar Obwalden, bisa jagorancin babban jami'in gandun dajin jihar, Leo Lienert. An kamo su ne daga tsaunukan Karfatiya na Sulobakiya. A 1974 da 1975 aka saki wasu a tsaunukan Jura da ke kan iyaka da Faransa. Gaba ɗaya dabbobin da aka saki a waɗannan shekaru ba su wuce 25 zuwa 30 ba, kuma wani kaso daga ciki an sake su ne a ɓoye, ba izini, ba sanarwa, ba a tuntuɓi makiyayi ko maharbi ba. Wannan laifi ne na masu son dabbar, kuma har yau ana biyan bashinsa: ƙauyen da ya wayi gari ya ga an jefo masa maƙwabci mai farce ba tare da sallama ba, da wuya ya yarda da duk wata ƙididdiga da za a kawo masa daga baya.

Sai dai rashin yarda da ƙididdiga ba ya soke ta. Daga 1983 masana, ciki har da Urs Breitenmoser da Heinrich Haller, suka soma kama linkis suna rataya masa abin wuya mai aika siginar rediyo, suna bin sa dare da rana a kan dutse. Abin da suka gano ya saɓa wa hoton dodon da ke faɗa wa garke. Linkis maharbi ne na kwanto da sanɗa. Zuciyarsa da huhunsa ba na dogon gudu ba ne, don haka dukkan dabararsa ita ce ya matso kusa ba a gan shi ba, yana fakewa da kututture da dutse da duhun itatuwa, sa'an nan ya yi tsalle biyu ko uku. Idan bai cafke abin da ya nufa cikin 'yan mitoci kaɗan ba, kamar ashirin, yakan haƙura ya bar shi. Idan ya cafke, yakan riƙe da faratan gaba ya ciji maƙogwaro har numfashi ya tsaya. Shi ya sa mushen da linkis ya bari yake da tsabta ƙwarai: ƙananan huji a wuya, babu yagar ciki, babu watsattsun gaɓoɓi irin na kare ko kyarkeci. Jami'in daji da ya san aikinsa yana iya bambance shi cikin minti kaɗan, wanda ke nufin iƙirarin cewa "linkis ne ya ci" abu ne da ake iya tantancewa.

Bayan kisa sai ya soma ci daga cinya, ya bar tumbi da hanji bai taɓa ba, ya tura ganye ko ciyawa ko dusar ƙanƙara ya rufe ragowar, ya koma can nesa kaɗan ya kwanta. Da magariba ya dawo. Haka zai riƙa yi dare uku, huɗu, biyar, har sai ya rage kai da fata da manyan ƙasusuwa. Dabba ce mai tattali fiye da yawancin masu zarginta. Kuma saboda kwanto ba ya cin nasara sai a kan wanda ya sakankance, da zarar barewar wani kwari ta farga da shi, dole ya ƙaura zuwa wani kwarin ya bar na farko ya manta. Wannan ne ya sa yake buƙatar fili mai faɗin gaske, kimanin murabba'in kilomita 90 ga mace, 150 ga namiji, kuma ba ya yarda wani jinsinsa ya zauna masa a ciki. Mace takan haifi 'ya'ya biyu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ta riƙe su wata goma, kuma kusan rabinsu ba sa ganin shekara ta biyu. Dabbar da tsarin rayuwarta ke nan ba ta da hanyar da za ta cika daji kamar fara, ko da an so.

A tsaunukan Jura, tsakanin 1988 da 1998, Anja Jobin da Paolo Molinari da Breitenmoser sun bincika mushe 617 na linkis masu abin wuya. Kashi 69 cikin ɗari ƙaramar barewar kurmi ce, kashi 22 kuma akuyar tsauni, wadda Faransawa ke kira da suna mai kama da "shamwa" (kada mai karatu ya ɗauka shamuwa ce mai bushara da damina, wannan akuya ce mai lanƙwasasshen ƙaho da ke tsalle a kan duwatsu). Ragowar kaɗan ɗin yanyawa ce da zomo da makamantansu. Tsakanin kisa da kisa akwai kwana biyar zuwa shida. Idan aka haɗa da kwanakin da yake yawo da yunwa, abin da linkis ke ci a dare bai wuce kilo biyu na nama ba a matsakaici. A shekara, babba ɗaya yana kashe barewa da akuyar tsauni 50 zuwa 60, uwa mai goyo ta ɗara haka. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na mushen kuwa, an tarar yanyawa ko hankaka sun sa baki a ciki.

To, ina tunkiya a wannan lissafi? Tana can gefe. Kowace bazara ana hawa da tumaki wajen dubu ɗari biyu zuwa makiyayar saman tsaunukan Alps, da yawansu babu makiyayi tare da su, sai dai mai su ya leƙo lokaci zuwa lokaci. Wajen dubu huɗu daga ciki ba sa saukowa: cuta, faɗuwa daga kan dutse, tsawa, gangarowar duwatsu. Abin da linkis ke kashewa a ƙasar baki ɗaya a galibin shekaru gommai ne, a shekaru mafiya muni ƙarshen shekarun 1990 ya kai wajen ɗari biyu. Ana biyan diyya, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 80 cikin ɗari, jiha ta cika sauran. Kuma tun da aka tsara manufar kula da linkis a 2000, an tanadi cewa wanda ya ƙware a kan tumaki, ya kashe 15 cikin wata goma sha biyu a kewayen kilomita biyar, ana iya ba da izinin harbe shi. A ɓangaren Faransa na Jura bincike ya nuna hare-haren suna taruwa ne a 'yan wurare ƙalilan, galibi makiyayar da ke manne da bakin kurmi, inda ko an kashe linkis ɗin da ke ɓarna, wani yakan gaje shi a wuri guda. Matsalar wurin ce, kuma shinge mai lantarki ko karen gadi ya fi harsashi magance ta. Makiyayin da ya rasa tunkiya biyar cikin ashirin ba a ce masa asararsa ƙarama ce ba, kuma ya cancanci a biya shi ba tare da jan rai ba. Amma a ɗauki asararsa a mai da ita tutar yaƙin wasu, wannan cin amanarsa ne.

Masu wannan yaƙi su ne wani ɓangare na maharba. Suwizalan tana da maharba masu lasisi kimanin dubu talatin, waɗanda ke harbe barewar kurmi wajen dubu arba'in a kowace shekara, da akuyar tsauni wajen dubu goma. Motoci suna take wasu barewa wajen dubu takwas. Injinan yankan ciyawa suna niƙe 'ya'yan barewa fiye da dubu da ke kwance cikin gona a farkon bazara. Linkis na ƙasar kuwa, wajen ɗari uku, idan aka ba kowanne 55, rabonsu bai kai dubu goma sha bakwai ba, barewa da akuyar tsauni a haɗe. Ba a taɓa jin an datse tayar mota an aika wa hukuma a kwali ba. Laifi tudu ne, in ji masu magana, sai ka taka naka ka hango na wani.

Adalci ya wajabta a faɗi inda wannan lissafi na ƙasa baki ɗaya yake yaudara. Linkis ba ya ko'ina, kuma a inda yake, tasirinsa yana iya yin nauyi. A shekarun 1980, da ya isa kwarin Turtmann na jihar Valais, ya tarar da akuyoyin tsauni cunkushe a wani keɓaɓɓen wuri da aka hana farauta, waɗanda kakanninsu ba su taɓa jin warin mafarauci mai ƙafa huɗu ba. Cikin 'yan shekaru yawansu ya ragu da kusan rabi ko fiye. Masu binciken da kansu suka rubuta haka, ba su ɓoye ba, suka kuma nuna cewa bayan wannan zango na farko dabbobin sukan yi wayo su warwatse, linkis ya faɗaɗa yankinsa, cin ya sassauta. A Jura, inda abubuwa suka daidaita, abin da yake ɗauka bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na barewa da akuyar tsaunin yankin ba a shekara. A arewa maso yammacin Alps kuwa, a ƙarshen shekarun 1990, ya kai yana cin fiye da kashi ɗaya cikin uku na barewar da ke raye a farkon bazara. Maharbin da ya ce ya daina ganin barewa a dutsen da mahaifinsa ya koya masa harbi, gaskiya ya faɗa.

Abin da ba ya faɗa shi ne yadda aka kai ga haka. A farkon shekarun 1990 an yi hunturu masu sauƙi a jere, barewa ta hayayyafa. Jami'an gandun daji suka koka cewa tana cinye ƙananan itatuwa, aka ƙara wa maharba adadin da za su harba. Linkis ma ya sami ƙoshi, 'ya'yansa suka rayu, yawansa ya ƙaru, sai dai ƙaruwar mafarauci kullum tana biyo bayan ta abin farauta da 'yan shekaru. Daidai lokacin da linkis ya yi yawa, harbi bai ragu ba, sai ga hunturun 1998 zuwa 1999 mai tsananin dusar ƙanƙara, wanda ya halaka dabbobin dawa da yawa. Hannu uku ne suka taru a kan barewa, guda ɗaya kawai aka datse. Kwalin da ya isa Bern a 2000 daga cikin wannan yanayi ya fito. Daga baya hukuma ta kwashe wasu linkis daga yankin da kuma Jura, guda 12 tsakanin 2001 da 2008, ta kai su arewa maso gabashin ƙasar.

Akwai wani abu ma da ya fi wannan ban mamaki. Benedikt Gehr da abokan aikinsa sun bi barewa da linkis masu abin wuya a tsaunukan jihar Bern, suka gano cewa da zarar an buɗe lokacin farauta, barewa takan guje wa sarari inda harsashi ke iya samunta, ta shige duhun kurmi, wato daidai inda mai kwanto ke jiranta. Linkis kuma yakan ƙara himma a wannan lokaci, cinsa ya ƙaru. Maharbin da ke zagin linkis da safe, da yamma shi ke koro masa nama.

Duk wannan bai taɓa ainihin tambayar ba: a ce ma linkis ya rage barewa, wa aka yi wa ɓarna? A dokar Suwizalan dabbar dawa ba ta da mai ita. Ikon farauta na jiha ne, ita ke sayar da lasisi ko ta ba da hayar yanki, kuma lasisin izini ne na fita neman sa'a, babu alkawarin komawa gida da nama a cikinsa. Jihar Janeba ma ta soke farautar masu sha'awa ɗungurungum ta hanyar ƙuri'ar jama'a tun 1974. Amma a 2012 aka yi wa ƙa'idojin farauta na tarayya kwaskwarima, aka sa cewa ana iya rage yawan dabbar da doka ta kare idan ta jawo wa jiha babbar asara a cin moriyar ikonta na farauta. A sauƙaƙe, dabbar daji ta ci dabbar daji a cikin daji, doka ta kira wannan "asara". Wannan jumla ta fi kwalin Bern haɗari, domin kwalin aikin mai laifi ne da ya ɓoye sunansa, ita kuwa jumlar ta ɗauki tunaninsa ta sa masa hatimin gwamnati. Da zarar an amince cewa barewa haƙƙin maharbi ce wadda linkis ke sata, to mai tarko a ɓoye ya zama mutum mai ƙwato haƙƙinsa da gaggawa, laifinsa kawai rashin haƙuri. Jihar Solothurn ta bi wata hanya da ta fi hankali, tana biyan ƙungiyoyin maharba da aka tabbatar akwai linkis a yankin hayarsu, ta yadda hoton dabbar a kyamarar daji ya zama kuɗi gare su. Ko wannan ma ya amince da tushen iƙirarin, amma aƙalla ya sa rayayyen linkis ya fi matacce daraja. A Satumban 2020 masu zaɓe suka yi watsi da sabuwar dokar farauta da kashi 51.9 cikin ɗari, kuma cikin dalilan masu adawa akwai tsoron kada a sa linkis cikin jerin dabbobin da za a riƙa ragewa.

Akwai kuma wani mai haƙƙi da ba ya zuwa taro, shi ne kurmin kansa. Kusan rabin dajin Suwizalan aikinsa kare ƙauyuka da hanyoyi da layin dogo daga zaftarewar dusar ƙanƙara da gangarowar duwatsu. Irin wannan daji yana buƙatar itatuwa masu zurfin saiwa, musamman wanda ake kira farin fir, kuma tohon wannan itace shi ne abin marmarin barewa da akuyar tsauni. Inda suka yi yawa, ƙananan itatuwan ba sa wuce gwiwa, sai a ga daji na tsofaffin bishiyoyi babu magada. A jihar St. Gallen, bayan kai linkis, an auna an ga cin tohon farin fir ya ragu a tsakiyar yankin da dabbar ta zauna. Wanda ya lissafa barewar da bai harba ba a matsayin asara, ya kamata ya lissafa kuɗin katangar ƙarfe da ake kafawa a kan dutse inda daji ya gaza.

Nan ma akwai buƙatar taka birki, domin masu kare linkis suna da tasu ƙaryar mai daɗin ji. Sukan ce yana zaɓen marasa lafiya da tsofaffi ne kawai, kamar likitan daji. Mai kwanto yana kama wanda ya gafala ne, kuma lafiyayyar uwa mai ƙiba tana iya gafala. Gaskiya ne a Sulobeniya an tarar da ramammu sun fi yawa cikin abin da linkis ya kashe idan aka kwatanta da abin da maharba suka harba, amma an kuma tarar yana kashe manyan mata da yawa, waɗanda su ne uwayen garke. Sukan kuma ce zai warkar da daji shi kaɗai, alhali tasirinsa a kan babbar jar barewa kaɗan ne, aladen daji kuwa bai ma kula su. Duk wanda ya yi wa maharba alkawarin cewa ba za su ga bambanci ba, ya shirya wa kansa ranar jin kunya, ya kuma ba abokan gaba makami.

Sulobeniya ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don ta rushe zaton cewa maharbi da linkis abokan gaba ne na halitta. A can maharba da jami'an daji ne da kansu suka kawo linkis shida daga Sulobakiya suka saki a dazuzzukan Kočevje a 1973. A tsaunukan Dinarik na ƙasar linkis yana da ɓarawo na gaske, wato beyar. Miha Krofel da abokan aikinsa sun gano cewa beyar tana gano kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da linkis ya kashe ta ƙwace, ya yi asarar wajen kashi 15 cikin ɗari na namansa, dole ya ƙara yawan kisa don cike giɓin. Ga tsawon lokacin da yake ɗauka yana cin mushe ɗaya, ga rashin ƙarfin kare shi: wannan ne rauninsa. Duk mai yawon dutse ko maharbi da ya tsinci mushen linkis ya ɗauke, ya yi aikin beyar ne, ya sa an kashe wata barewar. Da zuriyar waɗancan shida ta soma lalacewa saboda barbara tsakanin jini ɗaya, aka kafa shirin LIFE Lynx, aka kawo linkis 18 daga Romaniya da Sulobakiya zuwa Sulobeniya da Kuroshiya daga 2019, na farko a Sulobeniya mai suna Goru. Ƙungiyar maharban ƙasar tana cikin masu gudanar da shirin, mambobinta suka kula da kejin sabawa, suka kafa kyamarori. Barewar can ba ta fi ta Bern yawan rai ba.

Matsalar jini ɗaya tana jiran Suwizalan da Faransa ma. Dabbobi ƙalilan ne suka kafa zuriyar Alps da ta Jura, manyan hanyoyin mota da garuruwa sun raba su, kuma likitocin dabbobi suna samun ciwon zuciya a cikin linkis na Alps. Wani bincike da aka buga a 2023 a kan na Faransa, waɗanda ba su wuce 150 ba, ya ƙiyasta cewa ta fuskar bambancin ƙwayoyin gado tamkar su 38 ne kacal, kuma suna iya shuɗewa cikin shekaru talatin idan ba a kawo sabon jini ba. A tsaunukan Vosges an saki 21 tsakanin 1983 da 1993, harbin ɓoye ya taimaka wajen ƙarar da su kusan duka, alhali barewa na nan birjik. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da yunwa ta kayar da shirin dawo da linkis.

Jihar Valais ce shaida mafi ƙarfi. Tana da daji, tana da barewa da akuyar tsauni, amma kyamarorin masu bincike sun nuna linkis ya yi ƙaranci ƙwarai a kudancinta idan aka kwatanta da tsaunukan da ke maƙwabtaka da ita ta arewa. Raphaël Arlettaz na Jami'ar Bern da tawagarsa suka gwada bayanai ɗaya bayan ɗaya, ƙarancin abinci, rashin kyawun muhalli, kuskuren ƙirga, duk ba su tsaya ba. Abin da aka tarar a ƙasa shi ne tarkuna 17 da aka jera a mashigin da matasan linkis ke bi idan sun bar iyayensu suna neman yankin kansu. An hukunta wani maharbi. Masu binciken sun rubuta a 2021 cewa an san da wannan ta'asa a fili tun 1995, aka shafe shekaru wajen ashirin kafin a sami hukunci na farko, kuma suka ba da shawarar a ɗauke binciken irin waɗannan laifuka daga hannun hukumomin yankin, inda jami'in daji da mai tarko ke iya zama 'yan ƙauye ɗaya, a miƙa shi ga masu gabatar da ƙara na sama.